Ciwo Biyu a Kan Mutum Ɗaya: Taɓin Hankali da Shaye-shaye

Abin karantawa: Markus 5:1-20

A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu akwai samari da yawa waɗanda suka baro gida domin neman abinci, 'yan dako da mahauta da masu gadin dare. Aikin da wuya, dangi kuwa suna nesa. Wani ya kan fara shan tiramol domin jikinsa ya daure wa kaya, wani kuma wiwi domin ya sami barci. Sa'ad da aka kai irin wannan saurayi asibiti yana surutai shi kaɗai, mutane su kan ce ƙwaya ce ta juya masa kai. Wani lokaci hakanan ne. Amma sau da yawa wannan rabin magana ne, sauran rabin kuwa shi mu ke so mu bincika.

Abin ba kaɗan ba ne. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka bayyana a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 sun sha ƙwaya a cikin shekara guda, wajen ɗaya cikin biyar kuwa abin ya riga ya zame musu ciwo. A 2018 aka hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. A 2021 kuka ya yi yawa a ƙasar Ibo saboda wata ƙwaya mai kama da ƙanƙara, wadda su ke kira mkpuru mmiri.

Mu lura da kyau, gama hanya biyu ce. Akwai wanda ƙwaya ta kawo wa ciwon: wiwi mai ƙarfi da mkpuru mmiri su kan sa mutum ya ji muryoyi, ya zaci ana farautarsa. Akwai kuma wanda ciwon ya riga ƙwaya zuwa. Baƙin ciki mai tsanani ko tsoro ya daɗe yana cinsa a ɓoye, ya nemi sauƙi a wurin mai sayar da ƙwaya, sauƙin kuwa ya zama tarko. A rana ta fari ko likita ba ya iya rarrabe su. Sai ya jira. Idan mutum ya yi kamar wata guda ba ya sha, muryoyin kuwa ba su rabu da shi ba, lalle akwai ciwo na biyu a ƙarƙashi wanda ya ke bukatar nasa magani.

Domin wannan ba daidai ba ne a ce da shi, ka bar sha tukuna, sa'an nan a duba hankalinka. Wanda aka raba da ƙwaya aka bar shi da baƙin cikinsa, ba da jimawa ba ya kan koma. Wanda aka ba maganin hankali yana sha a ɓoye, maganin ba ya zama. Sai a kama su biyu tare. Kada kuma a raba shi da abin farat ɗaya a gida, gama mashayin giya da aka yanke wa ita haka ya kan yi farfaɗiya, har ya rasa ransa.

Mutumin da muka karanta labarinsa an sha ɗaure shi da sarƙa, sarƙa kuwa ba ta warkar da shi ba. Duk da haka a 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da mari a ƙafa. Gidajen addu'a na masu bi ma ba su kuɓuta daga wannan laifi ba, kada mu nuna wa kowa yatsa. Dokar lafiyar hankali da aka sa wa hannu a Janairu 2023, a madadin tsohuwar ta 1958, ta ba marar lafiya hakkin a bi da shi da mutunci.

Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Inugu, da na jiha a Nawfia kusa da Awka, da na Rumuigbo a Fatakwal. Likita a can da wuya ya ji Hausa, wannan ciwo kuwa da magana a ke gane shi, ba da awon jini kaɗai ba. Saboda haka wanda zai raka marar lafiya ya zama mai jin harshe biyu, wanda ya san shi tun kafin ya fara sha, ya kuma faɗi sunan abin da ya ke sha da yawansa, ba tare da ɓoyo don kunya ba.