Motsa Jiki Tun Ƙarfi Bai Tafi Ba

Aikin hakimi da na malamin ofis aikin zama ne. Da safe a zauna a saurari jama'a, da rana a zauna a kan takardu, rangadin da a dā ake yi bisa doki kuwa yanzu cikin mota ake yinsa. Mutum yakan yi shekara 20 a haka bai ji komai ba, sai ya haura sittin ya ga ba ya iya tashi daga tabarma sai an kama shi. Wannan rauni tun yana ɗan arba'in ya soma shigarsa.

Abin Da Aka Gani A Landan

A shekarar 1953 wani likita a Ingila, Jerry Morris, ya bayyana binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin haya masu bene na birnin Landan. Direba zaune yake wuni, kwandasta kuwa hawa yake yana sauka bisa matakala yana karɓar kuɗi. Aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Haka kuma ya fi kama akawuna masu zaman tebur bisa ga masu yawon raba wasiƙu. Shi Morris bai bar motsa jiki ba har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Dalilin Haka

Zuciya tsoka ce, aiki ke ƙara mata ƙarfi. Motsi yana taimakawa wajen sauke hawan jini da rage sukarin da ke cikinsa. Har wa yau, daga wajen shekara 30 tsokar jiki takan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara 10, bayan sittin raguwar ta ƙara sauri. Tsokar cinya ita ke ta da mutum daga zaune, ita ke tare shi in ya yi tuntuɓe. Tsohon da ya faɗi ya karye a ƙugu sau da yawa ba ya sake tafiya kamar dā.

Gwargwadon Da Ake Bukata

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da wannan shawara:

1. Babban mutum ya yi motsi matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Mafi ƙaranci ke nan rabin sa'a kwana biyar. Tafiya da sauri, da tuƙa keke, da noma duk suna ciki.

2. Kwana biyu a mako ya yi aikin ƙarfafa tsoka, kamar ɗaukar abu mai ɗan nauyi, ko tashi daga kujera da komawa ba tare da dafa komai ba.

3. Wanda ya kai shekara 65 ya ƙara da motsin daidaita tsayuwa kwana uku a mako, domin kada ya riƙa faɗuwa.

Alamar motsi matsakaici ita ce numfashi ya ƙaru, amma mutum yana iya magana.

Gargaɗi

Wanda ya daɗe a zaune ya soma da minti 10, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali. A yi da sanyin safiya ko bayan la'asar, a sha ruwa. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya shawarci likita tukuna. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya dakata nan take, ya nufi asibiti.

Waɗansu suna ganin tafiya a ƙasa rage daraja ce ga babba. Amma hakimin da ya zaga kasuwa da gonaki da ƙafarsa ya ga abin da ba a gani ta tagar mota, dagatai da masu unguwa kuma su yi koyi da shi. Ranar da ya tsufa kuwa, da ƙafarsa zai je masallaci, ya gaida 'yan'uwa, ba ya jiran sai yaro ya zo ya ɗaga shi. Da sanyin safiya ake kama fara.