Ɗanyar Masara da Man Shanu: Darasi ga Mai Juna Biyu a Lokacin Damina

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa Satumba, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗanbatta zai ga masara ta yi goyo a bayan gidaje da cikin fadamu, ga masu gashi a bakin titi, ga yara ɗauke da tiren dafaffiya. A ƙasar Ɗanbatta gero da dawa ne abincin shekara, amma masara na cikin amfanin da ke fara nuna, a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai shigo gida ba. Shi ya sa a gidaje da yawa takan zama karin kumallo, wata rana ma har ta tsaya a madadin abincin rana.

A wurin awon ciki mata kan tambaye mu ko masara tana da illa ga mai juna biyu. Amsarmu ita ce, ki ci masararki, abinci ne mai kyau. Sai dai akwai sharuɗɗa uku: ta kasance mai tsabta da zafinta, ki haɗa ta da abinci mai gina jiki, kuma ki sa mai da gishiri daidai gwargwado. Waɗannan ne za mu yi bayani a darasinmu na wannan fitowa.

Me masara ke ba jikinki?

Masara abinci ne mai ba da kuzari. Ɗanyar masara guda ɗaya matsakaiciya tana ba da kimanin kalori 100 zuwa 150. A watanni ukun farko na ciki jikinki ba ya buƙatar ƙarin abinci mai yawa. A watanni ukun tsakiya yana buƙatar ƙarin kimanin kalori 340 a rana, a ukun ƙarshe kuma kimanin 450. Ke nan masara ɗaya ko biyu da ɗan man shanu tsakanin abinci da abinci za ta biya wani ɓangare mai kyau na wannan buƙata.

Bayan kuzari, fatar ƙwayar masara tana da dusa mai taimaka wa hanji. Mata da yawa na fama da taurin bayan gida a lokacin ciki, musamman masu shan ƙwayar ƙarin jini, kuma yawan yunƙuri shi ke tayar da basir. Idan kika tauna masara sosai, kika bi ta da ruwa mai tsabta, za ki sami sauƙi.

Masara mai launin ɗorawa ta fi fara sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Tun daga shekarar 2012 aka fara fitar da irin masara mai launin lemo a Najeriya, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da abokan aikinta suka inganta domin ƙara wannan bitamin. Jiki ba ya ɗaukar sinadarin sosai sai da maiƙo, a nan ne ɗan man shanu ke da amfani.

Abin da masara ba ta da shi

Furotin ɗin da ke cikin masara kaɗan ne, kuma bai cika ba, domin ya gaza a wasu sinadarai biyu da jiki ke gina tsoka da su. Haka nan ba ta da isasshen sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Mai juna biyun da ta wuni a kan masara kaɗai cikinta zai cika, amma jininta ba zai ƙaru ba, kuma ɗan da ke cikinta ba zai sami abin da ya ishe shi girma ba.

An ga wannan a wasu ƙasashe. A kudancin Amurka, a farkon ƙarni na 20, dubban talakawa da ke rayuwa a kan masara zalla sun kamu da wata cuta mai suna felagira, mai kawo ƙurajen fata, gudawa da ruɗewar hankali, saboda rashin wani nau'in bitamin B. A Meziko kuwa, inda nan ne asalin masara, mutane sun saba dafa ta da farar ƙasa, suna kuma cin ta da wake, don haka cutar ba ta dame su ba.

Abin da masara ta rasa, wake da gyaɗa suna da shi. Saboda haka duk ranar da kika ci masara, ki haɗa da ɗaya daga cikin waɗannan: dafaffen wake ko ƙosai ko alale, dafaffiyar gyaɗa ko ƙuliƙuli mai kyau, awara, dafaffen ƙwai, kwaɗon zogale ko na rama, ko kindirmon da aka tafasa madararsa. Ki ci gaba da shan ƙwayar ƙarin jini da folik asid da aka ba ki kullum, domin babu abincin da ke maye gurbinta.

Yadda za ki zaɓa

Ki zaɓi wadda ɓawonta kore ne shar, gemunta bai bushe ƙarau ba. Ki ɗan buɗe ki danna ƙwaya ɗaya da farce. Idan ruwa mai kama da madara ya fito, ta yi daidai da dafuwa. Ki dafa ta a ranar da aka karyo ta, domin daga wannan lokaci zaƙinta ke fara raguwa. Ki bar duk wadda tsutsa ta ci har ta ruɓe, ko mai wari, ko wadda ta yi fumfuna.

Yadda za ki dafa

1. Ki wanke hannuwanki da sabulu.
2. Ki ɓare ɓawon, ki cire gemun, ki wanke masarar da ruwa mai tsabta.
3. Ki jera ta a tukunya, ki zuba ruwan da zai sha kanta, ki rufe.
4. Bayan ta tafasa, ki ba ta minti 20 zuwa 30. Wadda ta ɗan ƙosa takan buƙaci fiye da haka.
5. Ki tsame ta a kwando, ki shafa man shanu ƙaramin cokali ɗaya a kan kowace guda tun tana da zafi.
6. Ki ci nan take.

Idan gashi kika fi so, ki bari garwashi ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, sannan ki riƙa juyawa har ta yi ruwan zuma. Kada ki bari ta ƙone ta yi baƙi. Kuma ko ana ruwan sama, kada a shigar da garwashi cikin ɗaki a rufe ƙofa. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana iya sumar da mutum, kuma ɗan da ke ciki ya fi uwarsa saurin cutuwa da ita.

Man shanu: a soya shi tukuna

Ɗanbatta ƙasar shanu ce, kuma man shanu ba ya wuya a kasuwarta ta ranar Lahadi. Amma ɗanyen man shanu da aka kaɗa daga nonon da ba a tafasa ba yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta daga dabba zuwa mutum, kamar na tarin fuka da na wani zazzaɓi mai daɗewa wanda ke iya jawo ɓari. Ki soya shi da 'yar albasa kamar yadda iyayenmu ke yi, har kumfar ta kwanta, ki tace, ki zuba a kwalba mai murfi.

Ki kula da yawansa. Babban cokali ɗaya na man shanu yana da kimanin kalori 100, wato kusan daidai da masara guda. Yawan maiƙo kuma yana tayar da ƙwannafi, musamman idan ciki ya tsufa. Mai fama da ƙwannafi ta ci masararta da rana, ta bar aƙalla awa biyu tsakanin cin abinci da kwanciya.

Gishiri da kanwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci a rana ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin miya da dunƙulen ɗanɗano. Ɗanyar masara tana da zaƙinta, ɗan barbaɗe ya isa, kuma ya kasance gishiri mai ayodin. Kada ki jefa kanwa don masara ta yi saurin laushi. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce wajen sa jiki ya riƙe ruwa. Binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da shan kunun kanwa da kuma tsananin zafin wankan jego.

Masarar talla

Damina lokacin amai da gudawa ne. A shekarar 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Dafaffiyar masarar da ta wuni a tire, ƙudaje na hawa, masu saye na taɓawa suna ajiyewa, tana da haɗari gare ki. Idan za ki saya, ki sayi wadda aka tsamo daga tukunya ko aka sauke daga wuta a gabanki. A gida ma, dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye ba tare da sanyi ba. Wadda ta ragu a sake tafasa ta sosai kafin a ci, wadda ta yi yauƙi ko tsami a zubar.

Masara mai fumfuna

Idan aka adana masara ko gyaɗa ba su bushe sosai ba, fumfuna kan kama su ta fitar da wata guba mai suna afulatoksin. Dafuwa da gashi ba sa kashe wannan guba. Tana lalata hanta, tana ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki, tana kuma fita a nonon uwa. A shekarar 2004 a ƙasar Kenya mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da suka noma da kansu wadda ta yi fumfuna. Don haka a shanya masara a kan tabarma ko leda har ta bushe ƙarau, a tsince mai kore ko baƙi a zubar. Kada a niƙa ta cikin garin tuwo, kada kuma a ba shanun tatsa.

Masu buƙatar kulawa ta musamman

Idan an ce kina da ciwon suga, ko wanda kika daɗe da shi ko na lokacin ciki, ki ɗauki masara a matsayin tuwo ko shinkafa. Rabin guda ko guda ɗaya ya isa a zama ɗaya, tare da wake ko ganye, kuma ki rage tuwon wannan lokaci. Ana gwajin sugan ciki tsakanin mako na 24 da na 28, ki tambayi ma'aikaciyar awo. Mai hawan jini ta ci ba tare da ƙarin gishiri ba. Yaran da ba su kai shekara huɗu ba kan shaƙe da ƙwayar masara, a marmasa musu ita a daka. Jariri kuwa nonon uwa zalla har wata shida.

Shin masara na kawo zazzaɓi?

Za ki ji wasu na cewa sabuwar masara ce ke kawo zazzaɓi. Gaskiyar ita ce lokacin nunar masara ya zo daidai da lokacin yawan sauro, kuma cizon sauro ne ke kawo zazzaɓin. Ki kwana cikin gidan sauro mai magani, ki sha maganin rigakafin da ake bayarwa a wurin awo daga wata na huɗu. Ki garzaya asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Ɗanbatta, idan kika ji zazzaɓi, gudawa ko amai da ba ya tsayawa, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zubar jini, ko raguwar motsin ɗa.

Kira ga maigida

Maigida, naka aikin yana farawa daga gona. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta shigo Najeriya a shekarar 2016 manoma ke yawan feshi. Ka karanta kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar magani, ko ka tambayi malamin gona, kada ka karyo masara kafin su cika. Kada mai juna biyu ta taɓa maganin feshi ko ta wanke kayansa. Idan ka kawo masara gida, ka haɗo da wake, gyaɗa ko ƙwai, ka kuma ba iyalinka dama da kuɗin mota su je awo a kan lokaci. Muna roƙon iyayen miji su ma su taimaka, a tabbatar mai ciki ta sami rabonta na abinci mai gina jiki kafin kwano ya ƙare.

Idan kina da tambaya a kan wannan darasi, ki kawo ta ranar awonki. Allah Ya sauke ki lafiya.