Gyaran moter mai turbo da kuɗɗi kaɗan

Motocin gazuwal da yawa masu zuwa kasuwannin ƙauye suna da turbo. Turbo wata ƴar farfela ce. Hayaƙin moter ke juya ta, ita kuma ta tura iska cikin moter, ƙarfi ya ƙaru. Tana juyi fiye da sau 100.000 cikin minti guda. Abu biyu ke kashe ta: ƙura da rashin mai.

Hayaƙi shi ke faɗin ciwo. Shuɗi, moter na shan mai. Fari mai yawa, ruwa ya shiga. Baƙi, iska ya kasa.

In moter ya lalace, ba dole a sayi sabo ba. Makanike ya kwance shi, ya wanke, ya auna kowane ƙarfe. Wanda bai cinye ba, a maida shi. Amma sigma, da kusine, da juwan kilas, da matatun mai da na iska, sai sabbi. Nan arha ba ta ado. Turbo kuwa, ana iya sake cikinta kaɗai, a bar gidanta.

A wanke tiyon da ke kai ma turbo mai. In ya toshe, sabuwar ma za ta mutu.

Bayan gyara, direba ya tafi sannu, ban da lodi mai nauyi. In an yi kilomita 1.000, a sake mai. Kullum in ya iso tasha, ya bar moter na aiki minti 2 kafin ya kashe. Mintocin nan ba su kai kuɗɗin turbo ba.