Kunkunniya da ƙura: me suke yi wa zafin duniya?

Ƴan'uwa manoma da matan gida, masana sun tabbatar duniya tana ƙara zafi. Babban dalili shi ne iskar da ke fita in an ƙone fetur, gas da gawayin ƙasa. Amma akwai wasu ƙananan abubuwa biyu masu yawo cikin iska, su ne kunkunniya da ƙura. Aikinsu ba ɗaya ba ne.

Kunkunniya ita ce baƙin da ke mannewa a gindin tukunya da rufin madafa. Tana fita daga hayaƙin itace, kara, gobarar daji da tsofaffin motoci masu shan gazuwal. Kowa ya san baƙar riga ta fi fara zafi cikin rana. Haka kunkunniya take: tana shan hasken rana, ta ɗumama iska.

Ƙura kuwa haske gare ta. Yawancin hazon hunturu yana tasowa daga kwarin Bodele, a arewacin Cadi. Ƙurar tana mayar da wani kashi na hasken rana sama, shi ya sa zafin rana yake raguwa ranar hazo. Amma kada mu ɗauke ta magani. Tana kawo tari, kuma lokacinta ne sanƙarau yake yawa.

Kunkunniya ma tana cutar da ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya kashe mutum kamar miliyan 3 da dubu 200. Mata da yaran da suke goyo sun fi kowa shaƙarsa.

Ga abin ƙarfafa gwiwa: iskar fetur tana daɗewa a sama shekaru ɗaruruwa, amma kunkunniya kwanaki ko makonni kaɗan take yi ta sauko. In mun rage ta, amfanin ba ya jinkiri.

Abin da za mu yi:
1. Mu dafa abinci da busasshen itace, a murhu mai tattali irin Mai Sauƙi.
2. Mu buɗe taga a madafa, mu nisanta yara daga hayaƙi.
3. Kada mu ƙone kara a gona. Mu bar shi ya rufe ƙasa, ya zama taki.
4. Mu riƙe sassaben zamani kamar manoman Maraɗi da Damagaram, don itatuwa su tare iska.

Tambaya ga ƴan aji: don me kunkunniya take ƙara zafi, ƙura kuwa take rage shi?