Cututtukan da Suka Fi Kashe Mutane a Bauchi

Dattawan Bauchi ba su manta da agana ba, cutar da kan shiga gari ta kashe na kashewa, ta bar saura da zane a fuska. Allurar lamba ce ta kawar da ita, har a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa babu sauranta a ko'ina. Sanƙarau ma ya yi ɓarna. A annobar 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, Jihar Bauchi kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Tun da aka fara sabuwar rigakafinsa a 2011 ba a sake ganin irin wannan asara ba.

Amma fa annoba ba ita ce ta fi cika maƙabarta ba. Cututtukan da aka saba da su har aka raina su, su ne suka fi kisa, musamman ga yara: zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da ciwon haƙarƙari, da ƙyanda, ga kuma tamowa da ke raunana yaro kafin cuta ta same shi. Yaro yakan kwana uku da zazzaɓi ana ba shi jiƙo, sai ya fara suma sa'an nan a nufi asibiti, sau da yawa bayan jininsa ya riga ya ƙare. Mai gudawa kuwa rashin ruwa a jiki ke kashe shi, alhali ruwan gishiri da sukari na iya ceton ransa. Mata kuma zubar jini da jijjigar haihuwa ke ɗauke su, abin da awon ciki kan hango tun da wuri.

An sami sauƙi, ko da yake bai isa ba. Binciken ƙasa na 2003 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 201 ba sa kai shekara 5. A 2018 adadin ya sauko zuwa 132. A wajen manya kuwa hawan jini da ciwon sukari sai ƙaruwa suke yi, zazzaɓin Lasa da ɓeraye ke yaɗawa kuma yakan taso da rani.

Akasarin mamata a gida suke cikawa, a yi jana'iza ran nan, ba tare da an rubuta sanadi ba. Saboda haka ana roƙon magidanta da masu unguwanni su riƙa kai rahoton kowace rasuwa ofishin Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa da ke ƙaramar hukumarsu, domin da wannan lissafi ne ake sanin inda za a fara kai magani da ma'aikata.