Kare ya fi ƙarfin gida: wa za a ba?

Bayan kaka, in hatsi ya shiga rumbu, magidanta da samari da yawa na Tamaske da ƙauyukan Keita, Buza da Madawa suna kama hanyar bida. Wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya. Kafin a tashi ana shirya komi: wa zai kula da iyali, wa zai kula da bisashe, dami nawa anka bari. Kare ne ake mantawa da shi.

Kare ba ya cin ciyawa kamar akuya. Abin da mutum ke ci, shi yake ci. In shekara ta yi kyau, ba mai lissafin tuwonsa. In hatsi ya yi ƙaranci, uwargida na auna tiya da ƙyar ta ishi yara, sai ka ji an fara cewa: "Karen ga, mi za mu yi da shi?" Wani lokaci ba yunwa ba ce. Kare ya koyi shan ƙwai da kama kajin maƙwabta, kullum ana kai ƙara wurin maigari. Ko kuma karya ta haifi biyar ko shida, tunda cikinta wata 2 ne kawai.

A ƙasashen Turai akwai gidajen da ke karɓar karnukan da masu su sunka kasa riƙewa. A Faransa, ƙungiyar da ake kira SPA tana kare dabbobi tun 1845. A Landan ta Ingila akwai gidan karnuka na Battersea, wanda ya faro a 1860. Mutum ya kai karensa, ya sa hannu a takarda cewa ya bar shi. Su ciyar da shi, su yi masa allura, su nema masa sabon gida. Mu nan Adar ba mu da irin wannan. Aikin da gidan ke yi can, mai kare ne zai yi shi nan da kansa.

Abin da wasu ke yi shi ne su kai kare nesa ranar kasuwa, su sake shi, su juyo. Suna ganin sun huta, amma kaya sunka sauke bisa kan jama'a. Karen da ba ya da mai shi juji yake bi, ya ci mushe, ya shiga garken karnukan daji. Yunwa ta sa ya faɗa wa ɗan akuya. Mafi muni, cikin faɗansu da juna ake ɗaukar ciwon haukan kare.

Ciwon nan ba na wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya. Kusan dukansu daga kare sunka same shi, kuma cikin goma wajen huɗu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Yaro ne ke wasa da kare, yaro ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron kashi. Ƙwayar cutar tana cikin miyau. Tana iya yin wata 2 ko 3 a jikin mutum shiru, har a manta da cizon. In alamu sunka fito, mutum ya fara tsoron ruwa, to magani ya ƙare. Amma kafin nan akwai allura, kuma tana aiki. Wani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 ita a 1885, yaron kuwa ya rayu.

To, kafin ka yanke shawarar rabuwa da kare, zauna da iyalinka. Watakila ƙanenka da ke noman albasa a garka yana bukatar mai gadi da dare, ya riƙe shi har ka dawo da damina. Watakila ɗaure shi da rana ya isa ya kashe rigimar kaji. Gidan da ba namiji wata shida, haushin kare ba ƙaramin abu ba ne gare shi. Sau da yawa matan gida ne za su ce a bar shi. A saurare su, su ne za su kwana a gidan.

In kuwa babu hali, nemi wanda ke da aikin da kare zai yi. Malamanmu sun ce riƙon kare ya halatta don kiwo, da gadin gona, da farauta, kuma ko a nan su ne masu nemansa. Fulani da Buzaye sun san darajar kare, don shi ke jin dila kafin makiyayi ya farka. Karen Azawak mai dogayen ƙafafu, na wajen Abalak da Cintabaradan, har Turai an kai irinsa. Amma kada ka ba yaro don ya ce yana so. Yi magana da uban gidan, ka ga da idonka akwai inuwa da ruwa.

Faɗi gaskiya ga wanda za ka ba. In karen na shan ƙwai, faɗi. In ba ya son yara, faɗi. Wanda ya karɓa bisa ƙarya, gobe shi ma sakinsa zai yi. Ka tambayi malamin dabbobi a yi masa allurar rigakafi. Ana fara ta tun kare na da wata 3, kuma ana sabunta ta. Ƴan kwikwiyo a bari su yi wata 2 suna shan nono kafin a raba su. Babban kare kuwa ya san hanyar gida, sai sabon mai shi ya ɗaure shi ƴan kwanaki, yana ba shi abinci da hannunsa, har ya saba.

Akwai karen da ba a bayarwa: wanda ya ciji mutum kwanan nan, ko wanda halinsa ya sake, yana dalalar da miyau, yana cizon icce da dutse, muryarsa ta dishe. Wanda anka ciza a wanke masa wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi likita ran nan, ko da ƙarzuna ce kawai. Kada a tsaya jiran a ga abin da zai samu karen. Shi kuma, in ana iya tsare shi ba da haɗari ba, a rufe shi inda yara ba su kai, da ruwa da abinci, a sanar da malamin dabbobi. Za a duba shi kwana 10 zuwa 15. In ya wuce kwanakin nan lafiya lau, ba ya da cutar a miyau ranar da ya yi cizon, sai a koma maganar wanda za a ba.