Abincin marar lahiya: darasi don cibiyoyin karatun manya na ƙasar Dakoro

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ɗari ya shigo. Iska na tasowa daga arewa da ƙura. Daga Kornaka har Birnin Lalle, babu gidan da ba a tari. Mura ta kama yara, ta kama tsohhi.

In mutum ya kwanta ciwo, bakinshi ba ya son komi. Sai a aje mishi tuwo da miya, shi kau da kai. Sai uwargida ta ce: "Ku bar shi, in ya ji yunwa ya ci." Wannan kuskure ne. Jikin da ke hwama da ciwo shina buƙatar ruwa da abinci hiye da kullum. Yaron da ya yi kwana 3 bai ci ba, ko ciwon ya wuce, rama ta kama shi. Mun ga haka da idonmu a shekarar 2005, lokacin da iyaye mata sunka cika Dakoro da ɗiyansu ramammu.

Mu hwara da kunu, tunda kowane gida akwai hatsi. Amma kunun ruwa tsararo ba ya riƙe marar lahiya. Cikinshi ya cika, ƙarhi bai zo ba. Ga yadda za a gyara shi. A auni garin hatsi cokali 3. A ƙara garin wake ko na gujiya cokali 1. Waken, sai an soya shi sama-sama, an cire ɓawo, kana a daka. A dama, a bari shi dahu sosai bisa wuta. In an sauke, a zuba man gujiya ko man shanu cokalin shayi 1, da ɗan sukari. Mai madara shi zuba. Kunun shi yi kauri, har shi tsaya cikin cokali.

Wanda bakinshi ya yi ɗaci, a jiƙa mishi tsamiya, a tace, a dama kunun da ruwanta. Tsamin nan shina buɗe baki. Kunun kanwa kuwa, a yi hankali. Kanwa dangin gishiri ce. In ta yi yawa tana kumbura ƙahwa, tana wahal da zuciya, balle ga mai jego da mai hawan jini.

Kada a cika mishi ƙwarya. Babbar ƙwarya tana kashe zuciyar marar lahiya tun bai taɓa ba. A ba shi kaɗan a moɗa, sau 5 ko 6 a yini. A zauna kusa da shi. Yaro, a lallashe shi, kada a ɗura mishi.

Ga mai mura da tari, abu mai ɗumi ya hi. A daka citta, a sa kanumhwari 2 ko 3, a tahwasa. In ya huce kaɗan, a matsa lemun tsami, a sa zuma cokali 1. Shina sassauta maƙogwaro, shina rage tarin dare. Amma jaririn da bai cika shekara 1 ba, kada a ba shi zuma ko kaɗan: tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Shayi mai ɗaci da muke sha a hira, shi ma ba na yara ba ne, kuma ba ya maye gurbin ruwa.

Mai hali shi yanka kaza ko zabo. Mun san kaza kuɗi ce, ana ajiyarta don baƙo ko don ranar kasuwa. To, wane baƙo ya hi maigida da ke kwance? A dahwa da albasa da tahwarnuwa, a rage tonka. Shi sha romo, shi ci ɗan nama mai laushi. In babu kaza, ƙwai dahwahhe ya isa. Wasu na cewa ƙwai na mai da yaro ɓarawo. Ƙwai gina jiki yake yi. Miyar kuka ko ta zogala da tuwo mai taushi ma suna da kyau in ya hwara murmurewa.

Ƙasarmu ƙasar dabbobi ce, daga gulbin Tarka zuwa arewa madara ba ta wuya. Amma a tahwasa ta kahin a sha. Ɗanyar madara na ɗauko cutar dabba ta kai wa mutum. A shekarar 2016, zazzaɓin da ke hitowa daga bisashe ya kashe makiyaya a Cintabaradan, jihar Tawa. Hura ma, a dama ta da ruwan da anka tahwasa, cikin ƙwarya wankakka.

Yanzu ga abin da ya hi muhimmanci. Mai zawo, kada a hana mishi ruwa. Ruwan da ke hita daga jiki shi ke kisa. A tahi gidan likita a amso ƙunshin garin gishiri da sukari, a zuba 1 cikin ruwa mai tsabta lita 1. In gidan likita na da nisa, a haɗa a gida: lita 1 ta ruwa, sukari cokalin shayi 6 a shahe, gishiri rabin cokalin shayi. A ɗanɗana: kada shi hi hawaye gishiri. Wanda ya kwana ya yini, a zubar, a haɗa sabo. Yaro kuma a amso mishi ƙwayar zinki, shi sha kwana 10 zuwa 14. Jariri ƙasa da wata 6, nonon uwa kaɗai, a ƙara yawan ba shi.

Kunu da romo ba su kashe cutar sauro. In jiki ya yi zahi, a tahi a gwada jini ranar nan. In yaro ya ƙi nono, ko shina aman duk abin da ya sha, ko numhwashi ya yi sauri, ko ya yi taune-taune, ko wuya ya sanƙare, a ɗaura amalanke ko da dare ne. Tun shekarar 2006 gwamnati ta yanke cewa a duba yara ƙasa da shekara 5 kyauta.

Ranar karatu mai zuwa, kowa shi zo da cokalin shayi da kwalbar lita 1 daga gida. Malam zai kawo sukari da gishiri. Kowa zai haɗa da hannunshi, kana shi rubuta awon cikin littahinshi.